Baba Bai Ci Dabinon Ba

Duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida, kuma yake da ɗan injin nan na soka yatsa, ya zauna ya ji abin da ya same mu. Baba ya riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya jiƙansa, amma ba wannan jinyar ce ta ɗauke shi ba. Ya tashi daga ita, ya ƙara shekaru masu albarka a cikinmu. Ina ba da labarin ne don saura ƙiris kulawar gidanmu ta kai shi kabari, kowa kuwa yana ganin alheri yake yi masa.

Alhaji Ari mai dabino ake ce masa a unguwar Zango. Kakansa da ayari ya sauko daga Kawar, ya ga Damagaram ta yi masa, ya zauna. Mun tashi cikin ƙamshin dabino, har tufafinmu na lakwal, wato makaranta, ƙamshinsa suke yi. Baba kan ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa tsakanin yatsa biyu ya faɗa maka ƙasar da ta fito. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa, ba ya rantsuwa a ciniki. In ya ce buhun nan babu ƙwaro, mutum ya ɗora a kabu-kabu ya tafi, ba ya ko kwance bakin. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ina koyarwa a lakwal ɗin unguwa, don haka duk wata harkar takarda ta gidan a kaina take faɗawa.

Cikin bazara abin ya fara. Baba ya riƙa shan ruwa ba ƙoshi, buta ba ta hutawa, rigunansa suka soma yi masa yawa. Da ƙyar na ja shi likita, wato asibiti. Muka yanki tikiti, muka zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro tun hantsi har inuwar ta gudu ta bar mu. Da aka auna jini, lokotoron da ya duba shi ya ce diyabet ne, wato ciwon sukari, ya rubuta ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya jero abubuwan da za a bari. Da ya zo kan dabino Baba ya yi dariya.

"Lokotoro, ka san wa kake faɗa ma haka kuwa?"

"Na sani, Alhaji. Shi ya sa na faɗa sau biyu."

Baba ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To, na bari." Ni da na san shi, na san magana ta ƙare ke nan.

Satin farko da na biyu lafiya lau. Ƙishirwar ta ragu, ya soma barci. Inna, mahaifiyarmu, ta hana shi zuwa shago saboda zafin rana, shi kuwa ba mai iya zama hannu sake ba ne. Sai ya sa aka riƙa kawo masa buhuna zaure. In ya idar da azahar ya shimfiɗa tabarma yana tsinta, busasshen Kawar gefe guda, mai laushin nan na Aljeriya da ke manne wa juna yana ɓamɓare shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. In hannun ya dame shi ya goge da tsumma ya ci gaba. Yakan ce tun da an hana baki, a bar hannu ya gaisa da su. Har yau in na rufe ido ina ganinsa a nan, rediyo na ƙara a gefensa, hularsa a kan gwiwa.

Sai ga ƙanena Habu ya dawo daga Tamanrasat, inda yake kai kaya da babbar mota, ya zo wa Baba da tsaraba. Ɗan inji ne da bai kai tafin hannu ba, a soka yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, kafin ka ce me lamba ta fito. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Har maƙwabta suka riƙa shigowa a auna su, sai da Habu ya ga tsadar tsinken ya ce wannan ba sadaka ba ce. Ya tsara wa kansa aiki: awo ɗaya in an dawo sallar asuba, ɗaya kuma da rana kafin a kira la'asar.

Ta safe kullum a kwance take. Ta rana kuwa sai ta yi sama, ninki biyu, wani lokaci ninki uku.

Da wasa aka fara. "Baba, me ka ci?" Habu yana tambaya yana dariya, Baba ma ya yi dariya. Kwana ya bi kwana lambar ba ta sauka ba, dariyar ta ƙare. Inna ta soma ɗaga tabarma tana neman ƙwallo, kuma a zauren mai dabino ai ba a rasa ƙwallon dabino. Ta tsinto ta ajiye masa a gaba. Ta so a kwashe buhunan, Baba ya ce in za a fitar da su a haɗa da shi.

A sati na huɗu Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, ta iso daga Dakusa da ƙullin garahuni da sassaƙen maɗaci. Ta dafa masa wani ruwa da ko akuya ba za ta sha ba, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Gwaggo kuwa ba ta iya riƙe magana ba. Kafin ta koma ƙauye rabin Zango sun ji cewa Alhaji Ari yana satar dabinonsa yana ci a ɓoye. Aminin Baba, Malam Kiyari, da ya zo dubiya har cewa ya yi, "Ari, tsufa da kwaɗayi, a riƙa tunawa da jikoki." Da zolaya ya faɗa, amma na ga yadda fuskar Baba ta canja.

Rannan Habu ya auna, lambar ta haura inda ba ta taɓa kaiwa ba, ya juya injin ya nuna masa.

"Baba, dan Allah ka hwaɗa mana gaskiya. Ba wanda zai yi ma hwaɗa."

Baba ya dube shi, ya dubi Inna, ya ce, "Wallahi tallahi ban ci ba."

Tun da nake ban taɓa jin rantsuwa a bakinsa ba. Na ce wa Habu ya ji tsoron Allah, tsohon nan ba ya ƙarya. Ya ce, "Yaya, ni ban ce yana ƙarya ba. Amma inji ba ya da dangi, ba ya son kowa." Na yi ta masifa har muryata ta dushe, amma shi yana da lamba a hannu, ni ba ni da komai sai sanin halin ubana.

Daga nan aka ɗaure wa Baba ciki. Tuwon dare ya koma loma biyu, daga baya ya koma kwaɗon zogale kawai. Wani mai sayar da magani ya ce wa Habu in lamba ta hau a ƙara rabin ƙwaya, aka riƙa ƙarawa ba da sanin lokotoro ba. Baba ya soma karkarwa da yamma, zufa ta jiƙa masa riga, wani lokaci ya kira ni da sunan Gwaggo. Duk wanda ya gani sai ya ce sukari ne ya hau kai.

Na ɗauki izini a lakwal na mayar da shi likita. Lokotoro ya rubuta wani analiz da ya ce yana nuna yadda sukari ya zauna a jiki cikin wata uku, ba na yini ɗaya ba. Muka yi sammako labo, ɗakin gwajin jini, aka ɗibi jini a hannu, aka ce a dawo da azahar. Na dawo cikin ranar nan mai narka kwalta, na tarar da mutane cike a baranda, tagar a rufe. Can wata mata ta fito da farar riga, gajera, mai tabarau, aka ce ita ce shugabar labon, Madam Falmata. Ta ce yau ba za a ba kowa rezilta, wato sakamako, ba.

Ranar na nuna musu hali. Na ce mun biya, mun bi layi, tsoho ya fito da yunwa, sannan a ce mu tafi? Ta bar ni na gama, sannan ta ce in shigo. Ta nuna mini wata takarda manne a bango, layi biyu a kwance, ɗigo-ɗigo suna tafiya a tsakaninsu. Ta ce kowace safiya, kafin su sa jinin kowa, sai sun fara ba injinsu wani jini da suka riga suka san amsarsa. Temuwan ta kira shi, wato shaida. In injin ya faɗi abin da ya kamata, ɗigon ranar ya faɗa tsakanin layukan, sai a yi aiki. Jiya kuran ya yanke, ba wutar lantarki, firigo ya yi ɗumi, ɗigon yau ya tsallake layi.

"In ya yi ƙarya a kan jinin da na sani, ƙaƙa zan yarda da shi a kan jinin babanki? Gara ki tahi da hushi da ki tahi da lambar banza."

Na tafi da fushin kuwa. Bayan kwana biyu rezilta ta fito, lokotoro ya duba ya ce wannan ba jinin mutumin da sukarinsa ke hawa kullum ba ne, a tsaya a ƙwaya ɗaya. Na kawo takardar gida kamar na ci jarrabawa. Habu ya karanta ya ajiye.

"Labon da suka ce da bakinsu injinsu ya ɓaci? Nawa tun da na saye shi bai taɓa cewa a jira ba."

Inna ta gyaɗa kai. A gidanmu wanda ya tsaya ya binciki kansa shi ya zama abin zargi, wanda ke amsawa nan take shi ne mai gaskiya. Aka ci gaba da ƙarin rabin ƙwaya in ba na nan.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, da rana lambar ta hau, aka ba shi ƙarin, abin da ya ci kuwa bai taka kara ya karya ba. Ya miƙe zai tayar da magariba sai ya sulale a bakin zaure. Na taɓa shi, jikin sanyi ƙalau, zufa kamar an zuba masa ruwa, ido a kafe. Maƙwabci ya kai mu urjans, sashen gaggawa, a motarsa. Majo, ma'aikacin jinya, ya ɗibi jini a hannu aka ruga labo da shi, ba a jima ba ya dawo da sauri ya rataya sarum na ƙarin ruwa. Inna ta tambayi abin da ke ciki, ya ce ruwan sukari ne. Ta cafke masa hannu.

"Sukari? Sukarin ne ke kashe shi, ɗan nan!"

"Hajiya, rashinsa ne ke kashe shi yanzu. Sake ni."

Muna tsaye muna kallon ruwan na ɗiga. Ba a daɗe ba Baba ya motsa, ya buɗe ido, ya tambaya ko an yi magariba. Na durƙusa a wurin na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Majon nan, duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri.

Mun yi kusan sati a likita. In don ƙorafi ne akwai shi. Auduga, safar hannu, allura, komai sai an rubuto maka ordonans ka je farmasi ka sayo, wani lokaci ka dawo a ce ba irinsa ba ne. Makewayi kuwa kada ma a yi zancensa. Amma abin mamaki, kwanakin nan suna cikin waɗanda nake kewa. Mun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itace, kuloli na zuwa daga ko'ina cikin Zango, 'yan'uwan da suka yi shekaru ba su haɗu ba suna cin abinci a kwano ɗaya. Matan da ke jinya a gefenmu daga Gaffati suka zama kamar dangi, muna tsare musu wuri suna tsare mana. Tun daga lokacin gidanmu bai sake cika haka ba sai ranar da muka raka Baba.

Sai dai a can ma maganar ba ta mutu ba. Habu ya zo da injinsa yana aunawa safe da rana, lambar ta riƙa zuwa daidai da ta labo. Maimakon ya yi shakka sai ya ce, "Kun gani ko? Nan ai babu dabino." Baba yana ji. Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar in ka gaishe shi ya amsa, in ka ba shi abinci ya ci, amma hira ta ɗauke. Ko ni bai sake ce wa Uwata ba. Wannan ya fi faɗuwarsa tayar mini da hankali.

Na ajiye girman kaina na koma wurin matar da na yi wa tsawa. Madam Falmata ba ta ko tuna mini ba. Ta karɓi injin Habu ta gwada shi da temuwan ɗinta, ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce to, in injin gida daidai yake, na labo ma daidai yake, akwai wani abu a tsakani. In an sallame shi a bar shi ya koma zamansa yadda ya saba, kada a kuskura a ƙara ƙwaya, ranar da lambar ta hau kuma a ɗauko shi a lokacin, yadda yake zaune, a kawo mata.

Ranar Litinin lambar ta hau. Muka ɗauko shi daga kan tabarma, ni da Habu, wanda ke azuminsa na Litinin da ya saba. Madam ta sa Habu ya auna babban yatsa a gabanta, lambar ta yi sama. A take ta ɗibi jini a jijiyar hannu ta sa a injinsu, ya fito a kwance. Ta ce a auna manuni, ya fi na farko hawa. A auna ƙaramin yatsa, ya sauko da yawa.

"Jini ɗaya ne a jikin mutum," in ji ta. "Ba ya canjawa daga yatsa zuwa yatsa. In awo ya warwatse haka, ba jinin ake aunawa ba."

Ta kama hannun Baba tana jujjuyawa, safar hannunta ta manne da tafinsa. Ta tambaye shi aikin da yake yi da rana, ya faɗa mata. Ta kai shi bakin pampo ta ba shi sabulu, ya wanke, ya tsane da tawul. Aka auna sau uku, yatsa daban-daban, duka ukun suka zo kusa da juna, kusa da na jijiya. Ashe zaƙin dabinon da ke fatar yatsa ne ke haɗuwa da ɗigon jinin. Da asuba alwala ta wanke shi, da rana kuwa tsumma kawai yake gani.

Habu bai saduda ba. Ya ce ai yana goge yatsan da alkol, ruwan nan na goge wurin allura. Ta ce alkol ba ya ɗauke danƙon zaƙi, sai ruwa da sabulu. Ta tambaya ko akwai mai dabino a jikinsa. Baba ya sa hannu aljihu ya fito da ƙwaya ɗaya cikin samfurin da ba ya rabuwa da shi saboda masu saye. Ta miƙa wa Habu ta ce ya murje ta da yatsa, ya goge da gefen rigarsa, ya shafa alkol ɗin nasa, ya auna kansa. Ya yi. Lambar da ta fito ta wuce duk wadda aka taɓa gani a hannun Baba.

Baba ya leƙa injin, ya ɗago a hankali.

"Habu, kai da ke azumi. Me ka ci?"

Idon Habu ya ciko. Baba ya juya wurin Madam ya ce ta faɗa musu da bakinta cewa bai ci ba. Ta ce, "Alhaji, ni ba na zaune a zaurenka, ba zan shaidi abin da ban gani ba. Abin da zan iya cewa, jininka bai nuna ka ci ba, kuma lambar da aka kama ka da ita ba ta jininka ba ce." Ya ce wannan ya ishe shi.

Don haka jama'a, mai sayar da dabino ne, ko mangwaro, ko rake, ko mai dama fura da sukari, a wanke hannu da sabulu a tsane kafin a soka. In lamba ta ba ku mamaki ku sake aunawa a wani yatsa. Kada a ƙara ƙwaya don wani ya ce. In kuma labo ta riƙe muku rezilta ta ce injinta na da magana, ku yi fushinku a hanya, amma ku gode mata.

Da muka fito na tsayar da kabu-kabu, Baba ya ce a sauke mu a bakin Zango, daga nan da ƙafa za mu ƙarasa. Na ce jikinka bai yi ƙwari ba. Ko kallona bai yi ba. Ya dafa kafaɗar Habu, muka shiga layin 'yan dabino. A shago na farko ya tsaya ya yi sallama, sannan ya ce, "Habu, hwaɗa musu." Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba bai ci ba. Hannunsa ne." Haka muka bi layin, shago bayan shago, da majalisar bakin masallaci, da mai shayi, da wanzami. Wasu na dariya, wasu na salati. Malam Kiyari ya tashi tsaye ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

Rana ta yi ja muka iso ƙofar gidanmu. Habu zai shige, Baba ya riƙe shi.

"Saura gida ɗaya."

"Baba, nan ai gidanmu ne."

"Nan aka hwara."

Habu ya tsaya a zauren da aka haife shi ya yi sallama kamar baƙo. Inna ta amsa daga madafa. Ya ce, "Inna, Baba bai ci ba."

Wuta na ƙara a murhu. Can muka ji ta face hanci da bakin zane.

"Na ji," ta ce. "Ku shigo da shi. Na tuƙa tuwo."